Sa Wa Keken Chopper Injin Lantarki: Ina Keke Ya Ƙare, Ina Babur Ya Fara?

Jawabinmu na yau ya shafi wani ƙaramin aiki ne na hannu wanda ya haɗa ilmin injiniya da sanin doka, watau yadda za a ɗauki tsohon keken nan da ake kira Chopper a sa masa injin lantarki, amma ya ci gaba da zama keke a idon hukuma. Abin da muke so mu nuna shi ne, iyakar da doka ta gindaya wa irin wannan keke ita ce kusan iyakar da ƙarfen keken kansa zai iya ɗauka.

Bari mu fara da keken. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila shi ya fito da Chopper a 1969, ya yi ta ƙera shi har farkon shekarun 1980. An ɗauko siffarsa ne daga baburan da samarin Amurka ke yi wa kwaskwarima, masu dogon kai da sirdi mai majingina. Sunan Raleigh kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, tun da kamfanin ya taɓa kafa masana'anta a Kano, kuma iyayenmu da yawa a kan kekensa suka yi zuwa makaranta da ofis. Ƙafar gaba ta Chopper inci 16 ce, ta baya inci 20. Giyarsa, ta kamfanin Sturmey-Archer, tana cikin cibiyar ƙafar baya, sandar sauya ta kuma tana bisa firam a gaban mahayi kamar ta mota. Sirdin yana can baya, saboda haka nauyin mahayi kusan duka a kan ƙafar baya yake sauka. Wannan ya sa gaban keken ke saurin ɗagawa, har sai da kamfanin ya matso da sirdin gaba a samfurin 1972. Ku riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

To, me doka ta ce? Mu ɗauki ta Birtaniya, ƙasar da aka haifi keken. Tun 1983 ta kafa ƙa'idar keke mai taimakon lantarki, ta kuma gyara ta a 2015 don ta dace da ta sauran ƙasashen Turai. Sharuɗɗan ba su da yawa. Dole keken ya kasance da feda da za ta iya tafiyar da shi. Ƙarfin da injin ke iya bayarwa a kai a kai kada ya wuce wat 250. Injin ya daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a sa'a. Mahayi kuma ya cika shekara 14. Game da totur, tun daga 2016 ba a yarda ya ja sabon keke fiye da kilomita 6 a sa'a ba tare da an taka feda ba, sai in an kai keken an gwada an ba shi takardar amincewa. Wanda ya cika waɗannan, ba ruwansa da lasin ko lamba ko inshora. Wanda ya ƙetare ko da ɗaya kuwa, abin da ke ƙarƙashinsa ya zama babur, yana bukatar rajista da lasin da inshora da hular kwano, kuma 'yan sanda na da ikon ƙwace shi. A 2024 gwamnatin ƙasar ta nemi ra'ayin jama'a kan ɗaga iyakar zuwa wat 500, amma a 2025 ta bar maganar. Amurka ta fi sassauci: dokarta ta tarayya ta 2002 ta tsaya ne a ƙasa da wat 750 da gudun kimanin kilomita 32 a sa'a, sa'an nan kowace jiha ta yi nata tsarin. Ashe ke nan injin da ya halatta a wata ƙasa laifi ne a wata, mai saye daga waje kuma lalle ya duba wace kasuwa aka ƙera wa kayan.

Yanzu sai aikin kansa. Tambaya ta farko ita ce, a ina za a sa injin? In an sa shi a cibiyar ƙafar gaba, giyar baya ta tsira, amma mun riga mun ce gaban keken ba shi da nauyi, don haka tayar na iya sulɓewa a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta lokacin da injin ya fizga. Har wa yau ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba ba don juyin inji aka yi shi ba. Dole a ƙara masa wani ɗan ƙarfe mai hana sandar injin juyawa a mazauninta, in ba haka ba wata rana za ta buɗe bakin ƙarfen, ƙafar ta fice ana cikin tafiya. In kuwa an sa injin a baya, tayar za ta kama ƙasa sosai, sai dai an yi asarar giyar asali, an kuma ƙara nauyi a inda ya riga ya yi yawa. Kowace hanya aka bi, batir ya zauna ƙasa-ƙasa a tsakiyar firam, ko ma ya ɗan karkata gaba. Ɗaure shi a bayan sirdi neman faɗuwa ne ta ƙeya.

Abu na biyu, wanda masu wannan aiki suka fi yin tuntuɓe a kansa, shi ne lissafin gudu. Akwatin da ke sarrafa wutar injin ba ya ganin hanya. Juyin ƙafa kaɗai yake ƙirgawa, ya ninka shi da kewayen tayar da aka gaya masa. Taya mai inci 20 kewayenta kimanin mita 1.6 ne, saboda haka kilomita 25 a sa'a na bukatar juyi kimanin 260 a minti. Mai inci 16 kuwa tana bukatar kimanin 325. Tun da ƙafafun Chopper ba girmansu ɗaya ba, kuskure na da sauƙi. In injin na baya amma aka saita akwatin a kan inci 16, allo zai nuna 25 alhali keken na gudun 31. Mai shi ya karya doka bai sani ba. Maganin wannan shi ne a auna kewayen tayar da ke ɗauke da injin da tef, a shigar da shi daidai, sa'an nan a gwada gudun da wayar hannu a fili.

Wani zai ce, to mene ne laifin ƙarin 'yan kilomita? Amsar tana wurin birki. Ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa. Daga 25 zuwa 40, aikin birki ya ninka fiye da sau biyu da rabi. Birkin Chopper kuwa roba ce ke matse bakin wili na ƙarfe mai santsi, wanda in ruwa ya jiƙa shi kamunsa ke raguwa ƙwarai. Keke ne da aka yi domin yara, har akwai gargaɗi a sirdinsa cewa ba a ƙera shi don goyo ba. Saboda haka kafin a sayi inji, a sabunta robar birki da wayoyinsa, a kuma haɗa birkin da makunnin da zai yanke wutar injin da zarar an matsa.

Abu na uku shi ne batir, kuma a nan rai ke cikin haɗari. Batir mai bolt 36 da ke iya ba da amfiya 10 na tsawon sa'a guda yana ɗauke da wutar da za ta kai mahayi kilomita 30 ko fiye in yana taka feda. Wannan ya isa zirga-zirgar yini. Amma batirin litiyom in ya kama wuta ba ya kashuwa da sauƙi. Hukumar kashe gobara ta Landan ta ƙirga gobara 143 ta kekunan lantarki a 2023, ban da ta ƙananan sikuta, mutum uku kuma suka mutu. Ta yi gargaɗi musamman a kan kekunan da aka sa wa inji a gida da kayan da aka tsinto daban-daban. A yi amfani da cajar da ta zo da batirin kaɗai. Kada a bar shi a caji ana barci, ko a bakin ƙofar ɗaki, ko cikin zafin rana.

Mu a nan, tun da aka janye tallafin fetur a 2023, sha'awar abin hawa mai lantarki ta ƙaru, kuma yawancinku za ku fita ne ku zama injiniyoyi da ma'aikatan gwamnati. Mun ga yadda Kano ta hana acaɓa a 2013, wanda ya nuna cewa ajin da hukuma ta sa abin hawa a ciki na iya raba mutum da sana'arsa dare ɗaya. Don haka duk wanda zai yi wannan aiki, ya fara tuntuɓar jami'an duba motoci na jiharsa da hukumar kiyaye haɗurra, ya ajiye takardar injinsa mai nuna ƙarfinsa. Waɗanda kuma rubuta ƙa'ida zai faɗo hannunsu nan gaba, su tuna cewa abu uku aka auna a ƙasashen da muka ambata: ƙarfin inji, iyakar gudu, da kasancewar feda mai aiki.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami damar yin tambayoyi.