Lacca: Mace da jikinta, tsakanin idon jama'a da lafiya



A ƙasar nan an daɗe ana auna mace da idon wasu. A gidaje da dama ƙiba ce alamar kyau da wadatar miji, amaryar da ta rame kuwa sai a ce ba ta samu kulawa ba. Shi ya sa wasu mata ke sayen ƙwayoyin sa ƙiba a kasuwa, irin su deksametazon, maganin da in an daɗe ana sha yake kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi. Daga baya telebijin ya kawo wani ma'aunin, na ƴan mata sirara. Ko wanne aka bi, mace na zama cikin ƙin jikinta.

Akwai mafita mai araha. A 1968 wani likitan Amurka, Kenneth Cooper, ya yaɗa motsa jikin da ake kira erobik, wato wanda ke ƙara bugun zuciya da numfashi na tsawon lokaci, kamar tafiya da sauri, gudu, tuƙa keke ko rawa. Binciken masana ya nuna cewa macen da ta lizimci haka takan fi gamsuwa da jikinta, ko da nauyinta bai canza ba. Dalili kuwa, hankalinta kan koma ga abin da jikin ke iya yi: barci ya daidaita, damuwa ta ragu, ta yi doguwar tafiya ba haki. An kuma lura cewa wadda ta shiga don lafiya ta fi wadda ta shiga don sauya kama cin moriya.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 30 sau biyar sun cika mafi ƙarancin adadin. Maganar ta fi shafar ma'aikaciyar biro da ƴar kasuwa mai wuni zaune a rumfa.

Abin da ke tare mata hanya shi ne rashin wuri da tsoron bakin mutane. Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar sun taka da ƙafa a titunan Yamai don neman kujeru a shirin Taron Ƙasa, kuma an ƙara masu. Ya kamata magadan gari a Maraɗi, Damagaram da Tawa su ware wa mata sa'o'i a filayen wasa, magidanta kuma su ba da goyon baya, domin kuɗin maganin hawan jini daga aljihunsu yake fita.