Dutsen K2 da 'Yan Dakon da Ake Mantawa da Su

Yau mun leƙa arewacin Pakistan, inda dutsen K2 yake, mai tsayin mita 8,611, na biyu a duniya bayan Everest. Daga ƙauyen Askole, sai an yi kusan mako ana taka ƙanƙarar Baltoro kafin a kai gindinsa.

'Yan Italiya ne suka fara kai ƙololuwarsa a 1954. Yanzu kuwa kamfanoni sun mai da shi kasuwa. Mai kuɗi ya zube daloli, 'yan Sherpa daga Nepal su kafa masa igiya, su sungumi tukwanen oksijin, 'yan dakon yankin kuma su yi jigilar tantuna da buhunan abinci a kan ɗan ladan da bai taka kara ya karya ba.

A watan Yulin 2023, wani ɗan dako ya zame a wata matsattsiyar hanya dab da ƙololuwa. Wasu sun tsaya taimakonsa, da yawa suka raɓa ta gefensa suka wuce. A nan ya cika, babu ko cikakkun kayan sanyi a jikinsa.

Kamfanin da ya karɓi kuɗin baƙo, dole ya tufatar da ɗan dakonsa, ya horar da shi, kafin ya tura shi sama. Wanda ya ƙi, hukumomin Gilgit-Baltistan, yankin da dutsen yake, su ƙwace lasisinsa.