DIGOXIN, MAGANIN BUGUN ZUCIYA: TSAKANIN WARAKA DA GUBA



Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki. Abin da zan yi bayani a kansa yau ƙwayar magani ce da ba ta kai girman wake ba, amma rayuwar tsofaffi da dama tana rataye da ita. Sunanta Digoxin, wani kamfani kuma yana sayar da ita da sunan Lanoxin. Na zaɓi in yi maganarta a gabanku ne saboda ku mazauna birni ku ne ke kai iyaye babban asibiti, ku ne ke sayen magani ku aiko da shi gida ta hannun direba, ku ne kuma ake fara kira a waya idan jiki ya rikice.

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa, kuma bugun yana tafiya bisa tsari. A wurin wasu mutane, ɗakuna biyu na saman zuciya sukan daina matsawa yadda ya kamata, su koma karkarwa, sai bugun ya yi sauri ya kuma rasa tsari. Mai wannan larura yakan ji faɗuwar gaba, da haki, da jiri, da gajiya ba tare da ya yi aiki ba. Tsufa, da hawan jini, da lalacewar ƙofofin cikin zuciya, da yawan aikin ƙululun maƙogwaro suna cikin abubuwan da ke haddasa ta, kuma gwajin da ake kira ECG ne ke tabbatar da ita. Aikin Digoxin shi ne rage gudun bugun da ƙara wa zuciya ƙarfin tura jini. Ba ya hana jini gudaji, don haka ba ya kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki. Wannan aikin wasu magunguna ne, irin su Warfarin, kuma wanda likita ya haɗa wa biyun bai kamata ya ajiye ɗaya ba.

Asalin maganin tsiro ne. A shekarar 1785 wani likitan Ingila mai suna William Withering ya wallafa littafi a kan wani fure da Turawa ke kira foxglove, inda ya bayyana yadda ganyensa ke sauƙaƙa kumburin jiki, ya kuma yi gargaɗi a kan illarsa idan aka zarce kima. A 1930 ne Sydney Smith ya tace sinadarin Digoxin daga wani nau'in wannan fure. Gargaɗin Withering yana nan har gobe, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da adadin da ke zama guba ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Wannan shi ne jigon jawabina.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya kula da shi shi ne ƙarfin ƙwayar. Akwai mai 0.125mg, akwai mai 0.25mg, wato ta biyun ninkin ta farko ce, kuma sau da yawa ba a rarrabe su da ido. Idan likita ya rubuta ƙaramar, aka je kemis aka ce babu sai babbar, ɗa ya karɓa ya aika gida, to tsoho zai riƙa shan ninki biyu kullum alhali yana ganin ƙwaya ɗaya yake sha. Saboda haka a tafi da takardar likita, a sayi magani a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, a bar shi cikin kwalinsa. Kada a karɓi wanda aka ƙirgo aka ƙulla a leda babu suna.

Na biyu, ƙa'idar sha. Galibi sau ɗaya ake shan sa a rana, a lokaci guda. Idan an manta har lokacin na gobe ya kusa, a bar wanda ya wuce, ba a ramawa da biyu. Maganin yana daɗewa a jiki, domin ko a mai lafiyayyar ƙoda sai ya yi kamar kwana ɗaya da rabi kafin rabinsa ya fita, a tsoho kuwa ya fi haka. Kada a ƙara don an ji faɗuwar gaba, kada a daina don an ji sauƙi, kada kuma a gutsura wa maƙwabci don ya ce shi ma haka yake ji. A ɗaga shi sama da inda hannun jikoki ke kaiwa, domin kaɗan daga cikinsa na iya halaka yaro.

Na uku, ƙirga bugu. A gidan da ake shan wannan magani ya kamata a sami wanda ya iya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, gefen babban yatsa, ya ƙirga bugun jijiya minti ɗaya cur da agogo, majinyaci yana zaune. Kowane ɗan makaranta zai iya koyon wannan. Idan bugun ya gaza 60, ko ya gaza adadin da likita ya ƙayyade, a dakata da ƙwayar a tuntuɓi asibiti a ranar. A tanadi ƙaramin littafi ana rubuta lissafin kullum, a tafi da shi ranar ganin likita.

Na huɗu, sanin abubuwan da ke mayar da adadin da aka saba sha ya zama guba. Ƙoda ce ke fitar da Digoxin ta fitsari, don haka duk abin da ya raunana ta yana sa maganin ya taru. Gudawa, da amai, da ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara duk suna yin haka. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su Diclofenac da Ibuprofen, waɗanda tsofaffi ke sha kamar ƙwalama, suna takura wa ƙoda. Raguwar sinadarin fotashiyam a jini tana ƙara wa maganin kaifi, kuma maganin sa fitsari irin Lasix, wanda akan haɗa wa masu ciwon zuciya, yana zubar da shi, haka ma maganin wankin ciki kamar filasko. Kwinin na zazzaɓi, da Erythromycin, da Clarithromycin, da Amiodarone, da Verapamil suna ɗaga yawansa a jini. Sai kuma tumfafiya, wadda ke ɗauke da sinadarai 'yan gida ɗaya da Digoxin, ta yadda haɗa jiƙonta da ƙwayar tamkar ninka magani ne ba tare da awo ba. Don haka duk inda majinyaci ya je neman magani, ko na haƙori ne, ya fara da cewa yana shan Digoxin. Mai niyyar azumi kuma ya ga likitansa tun kafin watan ya kama.

Na biyar, alamomin haɗari. Su ne rashin son abinci, tashin zuciya, amai, gudawa, kasala mai tsanani, ruɗewar tunani, da canjin gani, inda mutum yake ganin abubuwa sun yi rawaya ko kore, ko yana ganin da'ira kewaye da fitila. Matsalar ita ce waɗannan alamomi sun yi kama da na maleriya da taifot, ruɗewar kuma akan jingina ta ga tsufa, sai a yi ta ɗura wa tsoho wasu magunguna ana ci gaba da ba shi ƙwayar da ke cutar da shi. Rashin sani ya fi dare duhu. Idan an kira ka daga gida aka ce Baba ko Inna ba sa cin abinci suna amai, tambayarka ta farko ta zama a kan ƙwayar zuciya, umarninka kuma ya zama a dakatar da ita a kai su asibiti nan take tare da duk kwalayen magungunansu. Idan akwai suma ko ciwon ƙirji, ba a jiran wayewar gari.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, takardar likita ba ta har abada ba ce. Jikin da aka auna wa magani shekara uku da suka wuce ya canza, ƙodarsa ma ta canza. Ɗan da ke sayen magani duk wata da tsohuwar takarda yana da kyakkyawar niyya, amma hidimarsa ba ta cika ba sai ya haɗa da kuɗin mota da na gwajin jini, domin a duba ƙoda da fotashiyam, da yawan maganin a jini inda ake da na'urar. Ina roƙon kowa, kafin ya koma birni, ya zauna da iyayensa ya duba abin da ke cikin jakar magungunansu, ya rubuta sunaye da ƙarfinsu, ya kuma zaɓi mutum ɗaya a gida da zai ɗauki nauyin bayarwa da ƙirga bugu.

 Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.