Amsoshin Takardunku: Likitan da Ya Sadaukar da Kansa ga Mata Fursunoni

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wata ma'aikaciyar jinya a Zariya, wadda ke cewa: "Don Allah wane ne likitan nan na ƙasar Barazil da ya riƙa duba mata a kurkuku kyauta, har ya rubuta littafi a kansu?"

To malama, sunansa Dakta Drauzio Varella, masanin ciwon daji, wanda aka haifa a birnin Sao Paulo a 1943. A 1989 ya fara shiga gidan kurkukun maza na Carandiru don yaƙi da cutar ƙanjamau, ba ya karɓar ko sisi. Abin da idonsa ya gane masa a can shi ya zama littafinsa Estação Carandiru a 1999, wanda aka mayar fim a 2003. An rufe gidan a 2002, a 2006 kuma likitan ya soma aikin sa-kai a gidan kurkukun mata na birnin. Bayan shekara 11, a 2017, ya fitar da Prisioneiras, wato Mata Fursunoni.

Kin san abin da ya fi taɓa masa zuciya? Kaɗaici. Ya lura cewa idan namiji ne a tsare, uwarsa da matarsa sukan kwana a layi a bakin ƙofa don su samu ganinsa. Amma duk tsawon shekarun nan bai taɓa ganin wanda ya kwana a layi saboda mace ba. Miji ya juya baya, dangi na jin kunya, 'ya'ya sun watse a hannun mutane.

Abin takaicin ma, akasarinsu laifin miyagun ƙwayoyi ne ya kai su, wasu kuwa an kama su ne suna ƙoƙarin shigar wa mazajensu ƙwayar cikin kurkuku. Wanda aka yi dominsa shi ne farkon mantawa.

Don haka malama, da ke da sauran masu sauraro, in akwai 'yar'uwarku a tsare, ku je ku gan ta. Alƙali ɗauri ya yanke mata, bai yanke zumunci ba.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.