AKUYA DA KANGARU: HAIHUWA IRI BIYU

Wannan jawabi ne da wani malamin dabbobi ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Gyallesu, Tudun Wadan Zariya.

Jama'a, dabbobi masu shayarwa ba duka haihuwarsu ɗaya ba.

Akuya tana ɗaukar ciki wata 5, saniya wata 9. Ɗan yana samun abinci daga jinin uwa ta mabiyiya da cibiya. Shi ya sa yakan fito da ƙwarinsa, kafin awa guda ya miƙe yana neman nono.

A ƙasar Ostareliya kuwa akwai wata dabba mai tsalle, sunanta kangaru. Cikinta kwana 33 ne kacal. Ɗan yakan fito kamar ƙwayar wake, ba gashi, ba ya gani. Sai ya rarrafa ya shiga wata jaka ta fata a gaban cikin uwar, ya kama nono. A nan zai zauna kamar wata 8. Babu mai irin wannan jaka a dajinmu. Ta gafiya a kumatu take, ta ɗibar abinci ce.

To, wace hanya ta fi? Masu jaka ba su kai iri 400 ba a duniya. Masu doguwar renon ciki sun haura iri 5,000, har da jemage da giwa. Da Turawa suka kai kyanwa da yanyawa Ostareliya, sun ƙarar da wasu ƙananan masu jaka.

Amma kangaru ma tana da nata rabo. In fari ya yi tsanani nononta yakan ƙafe, ɗan ya mutu, ita ta tsira. Da ruwa ya sauka sai ta sake haihuwa. Akuya ba ta da wannan mafita. Ɗan cikinta yana jan jikinta ko ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba. In yunwa ta yi yawa sai ɓari, ko a rasa uwa da ɗa.

Saboda haka, mai akuya ko tunkiya mai ciki ya tanadi harawa da dusa tun kaka. A ƙara mata abinci a mako 6 na ƙarshe, da ruwa mai tsabta. In ta haihu, a bar ɗan ya sha dakashi nan take. In mabiyiya ta wuni ba ta faɗo ba, kada a ja ta da hannu, a kira malamin dabbobi.