A Gyara Wa Malami, Sakamako Zai Gyaru

Duk shekarar da sakamakon jarrabawar BEPC da BAC ya fito, iyaye a Madawa, Buza da Keita kan tambayi dalilin faɗuwar 'ya'yansu. Matsalar ta samo tushe tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Nijar ta fara cike ajujuwa da malaman kwantaragi. Ɗalibai sun ƙaru, amma ƙarancin albashi da jinkirin biya sun yawaita yajin aiki, karatu yana tsayawa. Ga samarin Adar na tafiya ci-rani Abijan da Libiya kafin su gama kwaleji. In muna son yaranmu su kai Jami'ar Tawa, a horar da malami, a biya shi kan kari, a ba shi aikin dindindin.