KAKA, KARA DA HANNUN YARO

Na gode da kuka baro gona da masussuka a wannan lokaci da kowa yake da abin yi, kuka zo sauraron magana a kan abin da ba ya da kwarjini ko kaɗan a ido, watau kara da laka da sakaina. Waɗannan su ne tarkacen da kaka takan bari a bayanta, muna tattake su safe da yamma. Nufina a yau shi ne in nuna muku cewa yaron da ya durƙusa a gindin rumbu yana haɗa motar kara, karatu yake yi, kuma karatun da babu malamin da zai iya yi masa a kan allo.

Bari in fara da wani abu da na gani da idona. A ƙasashen Turai da Amurka, daga watan Satumba zuwa Nuwamba ganyen itatuwa yakan rine ya koma ja da rawaya, sa'an nan ya zube. Malamansu sukan fita da yara su tsinto ganyen, su manna a takarda, su fafe kabewa su yi mata ido da baki. Littattafan koyarwa da hotunan da suke iso mana ta waya cike suke da irin wannan aiki. To, na taɓa shiga wani aji na tarar da malama ta sa yara suna kwaikwayon zanen ganyen wani itace da ba su taɓa gani ba, ba kuwa za su gan shi a ƙasar nan ba, alhali ta tagar ajin ana hango tarin karan dawa ya fi mutum tsawo. Ban ga laifinta ba, domin abin da littafi ya nuna mata ta bi. Amma dabarar da ke cikin littafin ita ce a yi wa yaro aiki da abin da lokacin shekara ya kawo ƙofar gidansu. Mu kuwa lokacinmu shi ne kaka, daga ɗaukewar ruwa zuwa shigowar hunturu, kuma ba na jin akwai lokacin da ya fi shi yalwar kayan aiki na kyauta.

Duk wanda ya tashi a ƙauye a cikinku ya san yadda ake motar kara, amma ku ba ni dama in bi ta daki-daki, don mu ga abin da yake faruwa a cikinta. Yaro zai zaɓi kara busasshe, miƙaƙƙe, wanda ƙwari ba su ci ba. Zai ɓare ɓawon siri-siri, ya bar totuwa fara mai laushi. Totuwa ita ce katakonsa, ɓawon kuwa shi ne ƙusa, da shi zai riƙa soke wannan guntu cikin wancan har jikin mota ya tashi. Daga nan sai ƙafafu. Zai nemo sakaina, ya riƙa goga ta a dutse har ta zama da'ira, ya huda ta. In hudar ta kauce wa tsakiya, motar ɗingishi za ta yi. In ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma, motar za ta riƙa karkata gefe, abokansa su yi ta yi masa dariya. Sai ya zauna ya gyara, ya gwada, ya sake gyarawa.

Ku duba abin da wannan yaro ya koya kafin la'asar. Ya auna tsawo da tsawo. Ya gano cewa da'ira tana da tsakiya guda ɗaya tak. Ya gane cewa hagu da dama tilas su yi daidai. Ya kasa, ya nemi dalilin kasawar, ya gyara da kansa. Nan da shekara uku ko huɗu malamin lissafi zai ba waɗannan abubuwa sunaye, kuma yaron da ya riga ya san su a hannunsa ba zai ji su baƙi ba.

Haka abin yake ga yarinyar da take koyon saƙar faifai kusa da kakarta. Kowane ado da ke jikin faifai ƙidaya ce: ja kaza, baƙi kaza, a koma ja. In ta yi kuskuren ƙirge sau ɗaya, adon zai goce, kuma idonta ne zai fara gaya mata, tun kafin kakar ta yi magana. A nan zan ɗan kauce in roƙi iyaye wata alfarma. In yarinya ta nuna sha'awar haɗa mota, a bar ta. In yaro ya zauna yana son koyon saƙa, kada a kore shi da gori. Hannu da ƙwaƙwalwa iri ɗaya ne a wajen kowannensu.

Yanzu mu zo kan hannun kansa. Jariri yakan kai wajen wata tara zuwa shekara guda kafin ya iya tsintar ƙwayar wake da babban yatsa da manuni. Daga nan zuwa ranar da zai riƙe fensir da yatsu uku, ya sarrafa shi yadda yake so, tafiya ce ta shekaru, yawanci har wajen shekara biyar ko shida. Ƙananan tsokokin yatsu da na wuyan hannu ba sa ƙarfi sai da aiki: murza laka, ɓare gyaɗa, zura zare cikin ƙwaya, yaga ɓawon masara, ɗaure igiya. Rubutu shi ne matakin ƙarshe na wannan tafiya. Saboda haka idan na ga an ɗaga bulala a kan yaro ɗan aji ɗaya wai rubutunsa kamar tsaga-tsagar kaji, raina yakan ɓaci. A tambaya tukuna, an taɓa ba hannun nan laka ya murza? Galibi za a tarar tun yana rarrafe ake ce masa, "Ajiye, za ka ɓata riga."

Laka tana da wani amfanin kuma, tana nuna wa iyaye inda hankalin ɗansu ya kai. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980, ya shahara da wani gwaji mai sauƙi da kowannenku zai iya yi yau da dare. A cura laka dunƙule biyu daidai wa daida, yaro ya yarda cewa ɗaya suke. A murza ɗayan a gabansa ya yi tsawo kamar maciji, a tambaye shi wanne ya fi yawa. Ɗan shekara huɗu zai nuna dogon, ya ma rantse. Sai ya kai wajen shekara bakwai ne zai dube ka ya ce, ai ba a ƙara kome ba, ba a rage ba. Ƙaramin bai yi wauta ba, matakinsa ke nan. Uban da ya san haka zai rage faɗa, ya ƙara haƙuri.

Akwai kuma harshe. Idan yaro ya gina shanu da laka, ya kafa musu ƙaho da ƙaya, ya kawo maka, kada ka tsaya ga cewa ya yi kyau. Ka ce, "Ba ni labarinsu." Za ka ji makiyayi, ka ji rafi, ka ji kura ta biyo dare. Yaron da ba ya buɗa baki a aji, sau da yawa a nan yakan sake. Kuma da yake wuƙa ɗaya ce tsakanin yara biyar, dole su koyi jiran juna, da aro, da mayarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da jinkar ɗakin 'yar tsana ce.

Kada wani ya zaci wannan sabuwar magana ce da aka ƙago jiya. Tun 1840 wani Bajamushe, Friedrich Froebel, ya laƙaba wa makarantarsa ta ƙananan yara suna mai ma'anar lambun yara, aikinsu kuwa ya haɗa da ginin laka da saƙa da naɗe takarda. A nan gida, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'o'in hannu. Manufar ilmi ta ƙasa wadda aka fitar a 1977 ta ce a koyar da ƙananan yara ta hanyar wasa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sanya wasa da fasaha cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. In kuwa kuna son shaida ta kusa, ku ciro Naira 20 daga aljihu ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. Tun tana yarinya ta koyi sarrafa yumɓu a wajen wata 'yar'uwar iyayenta a garin Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, tukwanenta suka zaga duniya, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ba kowane yaro ne zai zama Ladi Kwali ba, ba ma wannan ne burinmu ba. Amma da an hana ta taɓa laka, da ba mu san da ita ba.

To, ina gizo yake saƙar? Wuri biyu. Na farko a makarantu ne, kuma malamai su yi mini gafara. A wurare da yawa darasin aikin hannu ya koma, "Kowa ya kawo tsintsiya ranar Litinin." Uwa ta je kasuwa ta sayo, ko a ce kowane yaro ya kawo kuɗi a madadinta, a rubuta masa maki. Yaro bai taɓa kome ba, abin da ya koya kurum shi ne ana sayen maki. Gara mota karkatacciya wadda aka haɗa a gaban malami da faifai mai ƙawa wanda aka sayo. Na biyu a gida ne. Waya ta zama 'yar raino, ana miƙa wa yaro don ya yi shiru. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini. Yatsa ɗaya ne yake aiki a kan gilashin waya, sauran tara suna barci.

Tilas kuma in rarrabe tsakanin aikin hannu da bauta. Yaro ya taya iyayensa roron wake na ɗan lokaci, tarbiyya ce. Amma a cire shi daga makaranta wata biyu don girbi, ko a zaunar da yarinya tana saƙa daga safe har dare don a kai kasuwa, wannan ba shi nake yabo ba. Alamar aikin da nake nufi ita ce, yaron ne ya zaɓa, shi ne mai abin, in ya gaji ya tashi.

Kaka tana da nata haɗari, kuma zan faɗe shi ba kwana-kwana. Tarin kara maɓoyar macizai da kunamu ne, babba ya fara zazzage shi, ya ɗebo wa yara. Kududdufai cike suke bayan damina, yara suna nutsewa a wajen ɗebo laka, suna kuma kwaso tsagiya, don haka babba ya ɗebo. Kada a ɗebi ƙasa daga inda ake haƙar ma'adinai ko niƙa dutsen zinariya. Ba mu manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara. Irin shuka da aka shafa wa magani, da gwangwanin maganin ƙwari, da tsohon batir, kada su kusanci hannun yaro. 'Ya'yan idon zakara, jajayen nan masu ɗigon baƙi da yara suke sha'awar yin sarƙa da su, guba ne mai kisa, haka ma 'ya'yan zurman da na bini-da-zugu. Wanda bai kai shekara uku ba kada a bar shi da ƙananan ƙwayoyi, domin baki da hanci yake kai su. Ɓawon kara yana yanka kamar reza, ƙanana su yi aiki da totuwa kaɗai. Wuƙa kuwa sai wanda ya mallaki hankalinsa, kuma a gaban babba.

Abin da nake roƙo bai kai kwabo ba. Kafin a cinna wa gona wuta ko dabbobi su shiga, kowace makaranta ta ajiye dami biyu ko uku na kara a inuwa. Iyaye mata su daina zubar da fasasshiyar ƙwarya. A tara totuwar masara da gashinta, da ɓawon gyaɗa, da 'ya'yan tsamiya, da ƙwallon goriba. Launi yana nan cikin gida: gawayi ya ba da baƙi, farar ƙasa fari, gangamau rawaya, karan dafi ko zoɓorodo ja. Ƙaro da aka jiƙa, ko ɗan kokon rogo, ya isa abin manni. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Fatakwal, inda babu gonar dawa, su nemi ɓawon masara wajen masu gasa ta, su haɗa da kwali da marafan kwalba da ganyen kwakwa. A ware awa ɗaya a mako, malami ko uwa su zauna kusa, su nuna sau ɗaya, sa'an nan su janye hannu. Abin da yaro ya ƙera a rubuta sunansa a jiki, a ɗora shi a kan taga ko a kan kanta inda baƙo zai gani, a bar shi nan har ƙarshen zangon karatu.